Bayan takaba, wa nake yi wa kwalliya?

A Gangare aka haife ni, cikin garin Jos, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya baro ƙasar Kano ya zo aikin kuza. Ban riske shi ba. Matarsa na riska, kakata ta wajen uba, wadda muke ce wa Iya, kuma a ɗakinta na tashi. Iya ta daɗe ba miji, haƙoranta saura kaɗan, amma ban taɓa ganin hantsi ya dubi ludayi ba ta yi wanka ta shafa man kaɗanya ta zizara kwalli ba. A sanyin Disamba da Janairu, lokacin da diddigen kowa ke tsagewa, sai ta sa a ɗora mata ruwa, ta zauna da dutsen goge kaushi har sai ƙafar ta yi sumul. In lallenta ya fara koɗewa ta kwaɓa wani, ta kira ni in ɗaure mata ƙunshi. Babu namijin da ke leƙa ɗakin nan in ba 'ya'yanta da ke zuwa gaisuwa ba. Ni kuwa ban ga abin tambaya a ciki ba, haka na buɗe ido na gan ta.

Abin da aka faɗa mini da baki daban ne. Daren da za a kai ni ɗakin miji a 2003, gwaggona ta zaunar da ni ta yi mini huɗubar da ake yi wa kowace amarya. Ta ce, "Ke 'yar nan, kwalliyarki ta mijinki ce. Kada ya dawo ya tarar da ke da zanen da kika yi girki, kina warin albasa. Namiji da ido yake ci. In kika sake, wata za ta shigo ta nuna miki yadda ake yi." Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Daga ranar, duk la'asar in na yi wanka na zauna gaban madubi, akwai so a zuciyata, akwai kuma ɗan tsoro a ƙarƙashinsa.

A Anguwar Rogo muka zauna. Maigidana takalma yake sayarwa a Terminus, yankin babbar kasuwar Jos. Gobarar da ta cinye babbar kasuwa a Fabrairun 2002 ta haɗa da shagon ubangidansa, shi ya sa ya koma kasa kaya a bakin titi kamar dubban 'yan'uwansa. Mutum ne mai sanyin hali, ba mai yawan magana ba. Yana son ƙamshi, yana son jan lalle, in ya ga na yi sai ya kama hannun ya juya shi ya ce, "Madalla." Iyakar abin da ya sani ke nan. Bai san bambancin atamfa mai tsada da mai araha ba, bai taɓa lura na canza kitso daga shuku zuwa kalaba ba. Amma leshin da na fi kashe wa kuɗi, da sarƙar da na yi adashi na saya, da ankon da nake hana ido barci a kansa, duk na gidan biki ne, inda babu namiji ko ɗaya. Mata ne ke duba ɗinkin, mata ne suka san kuɗin turmin, su ne za su ce wance ta maimaita kayan da ta sa a sunan bara. Ya taɓa tambayata cikin raha, ina ɗaura ɗankwali zan fita suna, "Ni kam yaushe za a yi mini irin wannan?" Muka yi dariya. Ban zauna na yi tunanin maganar ba sai da babu shi.

Ranar Talata, 20 ga Mayun 2014, ya fita da safe kamar kullum. Wajen ƙarfe uku na rana muka ji ƙara daga cikin gari, har kwanon rufi ya amsa. Ba mu gama tambayar juna ba ta biyu ta tashi. Duk wanda ya zauna a Jos tun rikicin Satumban 2001 ya san yadda gwiwa ke saki in an ji irin wannan. Kowa ya ɗauki waya. Tasa tana shiga ba a ɗauka, can ta daina shiga. Abokan sana'arsa sun ce bam na farko bai same shi ba. Rugawa ya yi ya taimaka a kwashi waɗanda suka ji rauni, na biyun ya tashi da su. Hukumomi sun ce aƙalla mutum 118 suka rasu a ranar, da yawansu mata 'yan kasuwa. Washegari yayansa ya gano shi a asibiti. Ina da shekara 30 da yara uku, ƙaramin yana goye.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa matar da mijinta ya rasu. Ba turare, ba kwalli, ba lalle, ba zinari, ba tufafin ado. Tsofaffin unguwa suka zo da nasu ƙarin: kada in duba madubi, in riƙa yawo da 'yar wuƙa a hannu, wanka sai ranar Juma'a. Malamarmu ta Islamiyya da ta zo gaisuwa ta ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a addini, ado aka hana mai takaba, ba a hana ta tsabta ba. Amma ni ko ba a hana ni ba, ba ni da ƙarfin ɗaga tulu, balle zuciyar taje kai. A makonnin farko hanin ma sauƙi ya zame mini. Babu mai tsammanin ganina fes, babu mai ce mini ki gyara fuskarki. Zane ɗaya, hijabi ɗaya mai ruwan toka, tabarma da carbi. Mata su shigo su ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya," su tashi wasu su zauna.

Azumi ya same ni a ciki, Ƙaramar Sallah ma haka. Daren Sallah maƙwabciyata ta tara 'yan matan gidan tana yi musu lalle, ta aiko a kira babbar 'yata, lokacin tana da shekara goma. Yarinyar nan ta ƙi zuwa. Na lallashe ta, ta ce, "Umma, ke ma ai ba ki yi ba." Na yi mata bayani cewa ni dole ce ta sa, ita babu komai a kanta, ta dai kwanta a bayana ta yi shiru. Da safe ta tafi idi da hannu fari. Tun rasuwar ban yi irin kukan da na yi a ranar ba, domin na gane yarana fuskata suke dubawa su san ko gidan nan zai tashi ko ba zai tashi ba.

Takabar ta cika a farkon Zulhajji, saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah. Aka yi sadaka, 'yan'uwana suka zo, aka tsefe mini kai aka wanke, aka yi kitso, yayana ya aiko da turmin atamfa. Sai da mai kitso ta sa almakashi a wasu wuraren, gashin ya riga ya cuɗe. A ranar na duba madubi sosai. Na ga idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, wuya duk ƙashi. Na ji tausayin matar da na gani. Daren Sallah na kwaɓa lalle da kaina, na kira 'yata, na yi mata na yi wa kaina. Tana ta kallon hannuna tana murmushi, har ta yi barci da ƙunshin.

Ranar Sallah na sa sabuwar atamfar, na zizara kwalli, na ɗora hijabi, na kwashi yara muka tafi unguwar Rikkos gaida mahaifiyar maigidana. Gidan cike yake da dangi, ana ta aikin nama. Na durƙusa ina gaida wata yayarsa, ta dubi hannuna, ta dubi idona, ta juya ga ta kusa da ita ta ce, yadda kowa zai ji, "Oh, har an fara? Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Wa ake yi wa?"

Ban iya cewa komai ba. Na ƙarasa gaishe-gaishen hannuna cikin hijabi, na dawo gida na wanke ido da sabulu. Lalle kuwa ba ya wankuwa, sai dai ya koɗe don kansa, kuma har ya koɗe ban yarda wani ya ga tafina ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da amsar tambayarta. An koya mini kwalliya ta miji ce, ga shi miji ya tafi. To in ba wani nake nema ba, me ya kai ni? Na fara zargin kaina da abin da ban yi ba. Na tattara kwalli da hoda da humra na zuba a ƙasan akwati, na koma cikin hijabin nan mai ruwan toka. Wannan karon ba Allah ne ya ɗora mini ba, bakin mutane ne, kuma ita wannan takabar ba ta da ranar fita.

Na fi shekara a haka, kuma na ga yadda duniya ke karɓar macen da ta saki kanta. In na je makarantar yara kan maganar kuɗin makaranta, sai a bar ni tsaye a gama da waɗanda suka zo bayana. A kasuwa in na taya kaya, mai shago ya amsa mini yana kallon wani wuri. Wata Juma'a na tsaya kusa da Masallacin Juma'a ina jiran yarona ya fito, wani bawan Allah ya zo wucewa ya danƙa mini kuɗi a hannu ya yi gaba. Da kyakkyawar niyya ya yi, Allah ya saka masa. Amma yaron ya gani, kuma har muka iso gida bai ɗaga kai ya dube ni ba.

Wadda ta fitar da ni ita ce wadda na fi jin kunyarta, mahaifiyar maigidana. Ta aiko in zo ni kaɗai. Na same ta a ɗaki, na zauna a ƙasa na ce, "Hajiya, ga ni." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yar nan, ni na haife shi, babu wanda ya fi ni jin zafin rashinsa. Amma duk ranar da kika shigo gidan nan a haka, sai in ji kamar yau aka kawo gawarsa. Shi ya tafi, ke kina nan, jikokina suna hannunki. Ki tashi ki gyara jikinki." Ta jawo leda daga ƙarƙashin gado, atamfa ce da kwalbar humra. Ta ce, "Wanda ya sake yi miki magana ki ce ni na sa ki."

Na kai wa malamarmu maganar, don ina so zuciyata ta kwanta a kan hujja. Ta buɗe mini ayar takabar nan ta ce in karanta har ƙarshe. Ayar da ta sa wa'adin ita ce kuma ta ce in sun cika wa'adinsu babu laifi a kan abin da suka yi da kansu bisa abin da aka sani na alheri. Ta ba ni labarin Ummu Habiba, matar Annabi (SAW), da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu: bayan kwana uku ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta ce ba don tana bukatarsa ba, sai don ta ji Annabi ya hana mace zaman makoki fiye da kwana uku in ba na miji ba. Ta kuma ba ni labarin Subai'atul Aslamiyya, wadda ta haihu jim kaɗan bayan rasuwar mijinta, ta yi ado saboda manema, wani sahabi ya yi mata magana, ta kai ƙara wurin Annabi ya ce iddarta ta ƙare da haihuwar. Malama ta ce, "Kin gani? Ko da auren kike nema, halal kike nema. Balle ke ba ki ce komai ba, wanka kawai kika yi."

A hanyar dawowa Iya ce ta faɗo mini a rai. Shekara da shekaru tana goge kaushi tana sa kwalli, ba miji, ba manemi, ba gidan biki. Da wani ya tambaye ta wa take yi wa, na san kallon da za ta yi masa. Ita a wurinta mutum mai rai yana wanka ya shafa mai, shi ke nan.

A 2016 na mai da abin sana'a. Da lalle da kitso na fara a tsakar gida, ina sayo kaya a kasuwar 'Yan Kwalli. Daga baya wata 'yar Barno da rikici ya koro daga Maiduguri ta kama haya a layinmu, ita ta koya mini dilka da halawa da kurkum da turaren tsuguno. Da wannan sana'ar na biya kuɗin makaranta, da ita na sauya kwanon ɗakinmu. Manema sun zo, abin bai yiwu ba, kuma ban ce na rufe ƙofa ba.

Mace in ta miƙa miki hannu kina zana mata lalle, ba ta iya tashi ba ta iya taɓa waya, sai hira. A nan na ji dalilan da ban taɓa zato ba. Akwai mai yi don mijinta, da gaske kuma da daɗin rai, ranar girkinta ce tana so ya shigo ya ji ƙamshi. Wannan abu ne mai kyau, na yi shi, kuma har yau ina kewar mai cewa madalla. Akwai malamar makaranta da ta ce in ta shiga aji a yamutse yara ba sa jin maganarta. Akwai wadda aka saka, ta zo a yi mata ƙananan kitso don kada ta koma gidan ubanta kamar korarriya. Akwai tsohuwar da za ta tafi Hajji. Wata baiwar Allah ta zo da ciwon daji a nono, magani ya zubar mata da gashi gaba ɗaya, ta ce kitso ya fi ƙarfinta amma a yi mata jan lalle a ƙafa, tana so in ta kwanta a gadon asibiti ta ga wani abu a jikinta da ba ciwo ba. Ban karɓi kuɗinta ba, kuma da ta fita na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Har 'yan matan Kirista daga Tudun Wada da Rayfield suna zuwa lallen aure, a garin da mutane da yawa suka daina shiga unguwannin juna. Mafi yawan aikin da nake yi kuwa ƙarƙashin hijabi da safa yake tafiya, babu namijin waje da zai gan shi. Masu cewa duk macen da ta gyara jikinta maza take kira, su zo su wuni a tsakar gidana.

Akwai irin da nake tsoro, wadda gwaggo ta dasa mini tun daren farko. Ita ce kwalliyar da fargaba ke sa wa. Mace ta ji ƙishin-ƙishin za a yi mata kishiya, ko ta ji an ce amaryar fara ce, sai ta ruga wurin masu haɗa man bilicin. Ni ma da na fara fita an ba ni shawarar, wai bazawara mai yara uku sai ta ɗan yi haske. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, a 2023 kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta ayyana abin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Ni ba a takarda nake ganinsa ba, a jikin mutane nake gani in sun tuɓe za a yi musu dilka: gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, kunci ya ƙone, jijiyoyi kore shar a cinya, nankarwa har kafaɗa, fata ta yi laushin da halawa ke iya ɗaye ta. A cikin mayukan nan akwai masu sinadarin haidrokwinon, akwai masu sitiroyid da ke sirantar da fata har rauni ya ƙi warkewa, akwai masu zaiba da ke lalata ƙoda. Irin wannan jikin ba na sa masa halawa, ina ce mata ta fara ganin likitan fata. Kuma sau da yawa auren da aka yi abin don a hana shi sai an yi shi, ita a bar ta da ƙunar. Haka ma baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi na daina yi, bayan na ga yadda yake tayar wa wasu da ƙuraje kamar ƙunar wuta. Kwallin dutse ma, da na ji wani yana ɗauke da dalma, na daina sa wa jarirai, duk da Iya da shi ta raine mu.

Duk matar da ta fita takaba a unguwarmu, in na ji, ni nake zuwa da kaina da lalle da mataji, kuma ba na karɓar ko sisi. In akwai dangin miji a wurin nakan ɗaga murya in ce malamai sun ce wa'adi ya cika, don wadda ke shirin magana ta haɗiye abarta. Yayar maigidana ma yanzu muna gaisawa lafiya. Da aka zo aurar da 'yarta, ni na yi wa amaryar gyaran jiki.

Yanzu babbar 'yata ce za a aurar. Baƙa ce kamar mahaifinta, mai kyan ido. Ƙawayenta sun kawo mata wani haɗi a roba marar suna, wai na amare, mako biyu ya isa. Ta ce dangin angon duk farare ne, kuma ta ji wata ƙanwarsa ta yi magana a kan hotonta. Na ce mata, "Shi da ya zo neman aurenki, a wace kala ya gan ki?" Ta ce, "Umma, ba shi ba ne matsalar, mata ne za su kalle ni ranar kamu." Na san gaskiya ta faɗa, don ni ma na yi adashi saboda idon mata. Na ce dilka da halawa da turare zan yi mata da hannuna har sai fatarta ta ɗauki ido, amma robar nan ba za ta kwana a gidana ba. Ta yi fushi, ta kwana biyu ba ta cin abinci tare da ni, kuma har yau ba mu gama maganar ba. An sa rana bayan Ƙaramar Sallah, na riga na aika Maiduguri a kawo mini kayan dilka.